Fursunonin da Ingila ta kwashe zuwa Ostireliya: rahama aka yi musu ko bauta?

Ɗalibi a Hobat:
Assalamu alaikum 'yan gida. Asabar ɗin da ta wuce na je Port Arthur, tsohon sansanin fursunonin Ingila da ke kudancin tsibirin Tasmaniya, tafiyar awa ɗaya da rabi a mota daga inda nake karatu. Tun da na dawo abin yake cina a rai, shi ya sa na ce bari in kawo shi gabanku.

Wurin gwanin kyau, ciyawa shar, ga teku a gefe. Amma akwai wani gini da suka yi wajajen 1850 wanda ba a dukan kowa a cikinsa. Shiru ne hukuncin. Mutum ɗaya ɗaki ɗaya, awa 23 a kulle, ba a kiran sunanka sai lamba. In za a fito da kai sai an rufa maka ƙyalle a fuska mai hudar ido biyu. Su kansu gandirebobin takalmi mai taushi suke sawa don kada a ji sawunsu. Cocin da ke ciki an yanyanka shi akwati-akwati, kowa da nasa, ba ka ganin na kusa da kai, sai mai wa'azi kaɗai. Na shiga ɗakin horonsu, ƙofa bayan ƙofa, aka ja ta ƙarshe. Na ɗaga tafin hannuna har ya taɓa hancina, wallahi ban gan shi ba. Ban cika minti ɗaya ba na ce a buɗe. Mutane kuwa kwanaki suke yi a ciki, daga burodi sai ruwa. Daga baya dab da ginin nan suka gina gidan masu taɓin hankali.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne wani abokin karatuna ɗan ƙasar. Ya ce kakan kakansa a sarƙa aka kawo shi, kuma yana alfahari da hakan, wai da an bar shi a Ingila da ko dai an rataye shi ko yunwa ta kashe shi. Daga 1788 zuwa 1868 mutum kusan 162,000 aka kwaso, kimanin 25,000 daga cikinsu mata. To jama'a, rahama ce ko bauta?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Sannu da hanya, ɗalibi. Kafin a yanke hukunci a san mafari. Ba da Ostireliya aka fara ba. Tun daga dokar 1718 Ingila take tura masu laifi Amurka, musamman Maryland da Virginia, inda 'yan kasuwa ke sayar da aikinsu na shekara bakwai ga masu gonakin taba. Kimanin mutum 50,000 suka tafi ta wannan hanya. Da Amurkawa suka yi tawaye a 1775 ƙofa ta rufe, gidajen yari suka cika maƙil, sai aka koma zuba mutane cikin tsofaffin jiragen ruwa da aka ɗaure a kogin Thames. Da rana su yashe kogi, da dare a kulle su a ƙasan jirgi, zazzaɓi yana ɗibarsu.

A lokacin laifuffukan da hukuncinsu kisa ne a dokar Ingila sun kai wajen 200, har da satar tunkiya da satar kayan sule biyar a kanti. Alƙalai da kansu ba sa son rataye kowa da kowa, sai a sassauta zuwa kora: shekara 7, ko 14, ko rai-da-rai. Ta wannan fuskar abokinka bai yi ƙarya ba.

Jirage 11 na farko sun bar Portsmouth ranar 13 ga Mayu 1787 ƙarƙashin Arthur Phillip, da fursunoni ɗari bakwai da wani abu. Suka bi ta Tenerife, Rio de Janeiro da Cape Town, wata takwas a kan ruwa. Ranar 26 ga Janairu 1788 suka kafa tuta a inda Sidni take yau.

Ɗan Zangon Kumasi:
Malam, a gafarce ni in ɗan ƙara. Tsakanin Amurka da Ostireliya sun gwada mu nan. A 1782 sun sa wa fursunoni kakin soja suka kawo su gaɓar tekun Gana, wajen Cape Coast da Moree, su tsare musu ganuwoyin cinikin bayi. Da yawa zazzaɓi ya kashe, wasu suka tsere wurin Turawan Holan. A 1785 har sun shirya zuba wasu a wani tsibiri cikin kogin Gambiya, majalisa ta ga kisa ne kawai da wani suna, aka fasa. Aka aika jirgi ya duba gaɓar Namibiya ta yau, ya tarar hamada ce ba ruwa. Sannan aka juya zuwa Ostireliya. Ni dai abin da na fahimta, neman juji suke yi, ko ina ne, muddin ya yi nisa da Landan.

Ɗan Kasuwar Kwari:
Ni fa ina tare da Baturen nan abokin ɗalibi. Mu faɗi gaskiya komai ɗacinta. Ɓarayi ne, ba limamai aka kwasa ba. An ce za a rataye ka, sai aka ce a'a tafi wata ƙasa ka yi aiki, in ka gama ga fili ka noma. Ina zaluncin? Ku duba Mary Reibey. Tana 'yar shekara 13 ko 14 aka kama ta da dokin sata, ta yi shigar maza. Ta sauka Sidni a 1792. Mijinta ya mutu a 1811 ya bar ta da 'ya'ya bakwai, ta riƙe kasuwancin, jirage da gidaje, har bankin farko na ƙasar a gidanta ya fara aiki a 1817. Yau hotonta ne a kan takardar dala 20 ta Ostireliya. Francis Greenway an kore shi kan takardar jabu, ya zama mai zana wa gwamnati gine-gine a Sidni. Da suna Ingila wa zai san su? Wani hanin ga Allah baiwa ne.

Maman Yara:
Haba Alhaji. Ka ɗauko mutum biyu cikin dubu ɗari da sittin ka ce ga hujja? Ni tun da na karanta yadda aka yi da matan nan na kasa cin tuwon dare. Ɗalibi, gidan yarin matan nan na Cascades ai a garinku yake, ko? An buɗe shi 1828 a wani kwari mai danshi a gindin dutse, rana ba ta cika shiga ba. Yarinya a tura ta aikatau gidan wani, ba ta da ikon cewa a'a ga maigida ko yaransa. In ciki ya fito, ita ce mai laifi. A mayar da ita Cascades ta haihu, ta shayar, da an yaye jaririn a raba su, a ƙara mata wata shida tana wanki a ruwan sanyi a matsayin horo. Shi wanda ya yi cikin yana gida yana shan shayinsa. Jariran kuwa ɗaruruwa suka mutu a ɗakin renon nan, yawanci gudawa. Wadda ta yi gardama a aske mata kai ƙwal. Duk macen da ke cikin gidan nan ta san abin da askin kai yake nufi ga mace.

Kuma da kake cewa ɓarayi, me suka sata? Mary Wade ƙaramar yarinya ce mai sharar titi a Landan, ta tuɓe wa wata yarinya riga, aka yanke mata hukuncin rataya, aka sassauta zuwa kora. John Hudson yaro ne mai share bututun hayaƙi, shekararsa 9 aka yanke masa hukunci. Alhaji, in ɗanka ne fa?

Ɗalibi a Hobat:
Haka ne Mama, Cascades yana nan cikin gari, bangon ne ya rage da tsakar gida. Kuma a Port Arthur, tsallaken ruwa kaɗan, akwai Point Puer inda aka tsare yara maza daga 1834. Ana koya musu sana'a, ɗinkin takalmi da sassaƙa, ana kuma zane su. Kusa da shi akwai ɗan tsibirin da suke binne matattu, mutum wajen 1,000. Jami'ai da iyalansu a tudu da dutse mai suna, fursunoni a gangare, akasarinsu ba ko alama.

Ɗan Kasuwar Kwari:
Hajiya, ban ce babu wahala ba. Na ce a auna da abin da suka baro. Talakan Landan na wancan zamani ma ai ba a aljanna yake ba.

Tsohon Gandireba:
Ku ba ni dama, ni da na yi shekara 31 ina riƙe da makullin gidan yari kafin in ajiye aiki. Alhaji yana kallon ƙarshen labari, Hajiya tana kallon tsakiyarsa. Ni abin da na gani da idona shi ne, ɗaurarre yana jure ƙarancin abinci, yana jure gwale-gwale. Abin da ke karya shi ranar ziyara ce, a kira sunan kowa ba a kira nasa ba. Na taɓa ganin ƙato, wanda mutum huɗu ba sa iya riƙe shi, ya zauna bakin ƙofa yana kuka kamar yaro don wata uku uwarsa ba ta zo ba.

To waɗannan babu ranar ziyara har abada. Wasiƙa ta yi wata da watanni a hanya, ga shi da yawansu sai an rubuta musu. An ce shekara bakwai, amma in ka gama gwamnati ba ta biya maka kuɗin jirgin komawa, in kuwa ka sato hanya ka dawo kafin wa'adi hukuncinka rataya. Namiji ko ya yi aikin jirgi ya biya wa kansa, mace fa? Saboda haka shekara bakwai ɗin nan a baki ne kawai, ga mafi yawansu rabuwa ce ta har abada. Na ga hoton wasu kwabbai da suke gogewa a cikin jiragen kurkukun nan kafin tashi. Mutum ya samu kwabon jan ƙarfe, ya goge hoton sarki har ya yi sumul, ya sa ƙusa ya huda sunansa da na matarsa da shekarun da aka yanke masa, ya bar mata. Wanda ya yi wannan ya san ba zai dawo ba.

Lauya Mai Koyo:
Baba, Allah ya ƙara girma, wannan magana ta shige ni. Amma ina so in ja hankalinmu kan kalmar bauta, kada mu yi mata araha. Mu da aka kwashi 'yan'uwanmu ta tekun Atlantika ya kamata mu fi kowa kiyaye ta. Fursunan Ostireliya ba dukiyar kowa ba ne. Gwamnati ce ke raba su ga manoma, su ci da su, su tufatar da su, su mori aikinsu, amma ba a sayar da shi a kasuwa, ɗansa kuma ɗa ne tun ranar haihuwa. Maigida ba shi da ikon yi masa bulala da hannunsa a doka, sai ya kai shi gaban majistare. In ya nuna hali na gari ana ba shi takardar da ke kama da ɗaurin talala: ya nemi aikin kansa, ya karɓi lada, amma kada ya bar gundumar da aka rubuta masa, kuma ya riƙa bayyana ana ƙirga shi. Daga nan afuwa mai sharaɗi, wato ka 'yantu amma ban da komawa Ingila. Bawan gonar rake a Jamaika bai san ko ɗaya cikin waɗannan ba.

Malamin Tarihi:
Lauya ta yi gaskiya a takarda. Sai dai majistaren da za a kai ka gabansa shi ma mai gona ne, shi ma yana da nasa fursunonin, gobe shi zai kawo nasa gaban maigidanka. Bulala 50 kan "rashin kunya" ko "lalaci" ba abin mamaki ba ce, da bulala mai harshe tara kowanne da ƙulli.

Kuma akwai inda hanyoyin biyu suka haɗu. Ayarin jirage na biyu, 1790, kwangilarsa aka ba kamfanin Camden, Calvert da King, waɗanda dama fataken bayi ne. Aka yi ciniki fam 17 da sule 7 da sisi kan kowane kai da aka loda, ko ya isa da rai ko bai isa ba. Ku duba lissafin. Bawa in ya mutu a hanya asarar ɗan kasuwa ce, don sayar da shi zai yi. Fursuna in ya mutu riba ce, don abincinsa ya ragu a sayar a Sidni. Cikin mutum kusan 1,000 fiye da 250 suka mutu a teku, ɗaruruwa aka sauke ba sa iya tsayuwa. Har ana ɓoye gawar wanda aka haɗa ku mari ɗaya don a ci gaba da karɓar rabonsa. Ayarin farko da gwamnati ta kula da shi da kanta bai yi asarar ko kusa da haka ba. Sai da aka fara biyan lada kan wanda ya sauka da rai, daga 1815 kuma aka sa likitan sojan ruwa a kowane jirgi, sannan mutuwa ta ragu ƙwarai.

Ɗan Zangon Kumasi:
Kuma ba duka farare ba ne fa. A jiragen farko akwai baƙaƙen fata, ciki har da John Caesar, wanda yunwa ta sa ya riƙa tserewa daji har aka harbe shi a 1796. William Cuffay, tela, ɗan wani da aka haifa cikin bauta a tsibirin St Kitts, an kore shi Tasmaniya bayan shari'ar 1848 saboda fafutukar talaka ya samu ƙuri'a. A can ya mutu a 1870.

Maman Yara:
To ka ji, Alhaji. Shi ma ɓarawo ne?

Ɗan Kasuwar Kwari:
A'a Hajiya, wannan kam zalunci ne tsagwaronsa, na yarda. Irin su manoman Tolpuddle shida da aka kora a 1834 don sun yi rantsuwar kafa ƙungiya saboda an rage musu lada. Amma ai mutanen Ingila sun yi ca, aka yi musu afuwa a 1836 suka koma gida. 'Yan siyasa kaɗan ne a cikin jimillar. Ina nan kan bakana cewa ga talaka mai ƙarfin aiki, wanda Allah ya haɗa shi da maigida mai imani, can ta fi masa.

Tsohon Gandireba:
"Wanda Allah ya haɗa shi da maigida mai imani." Alhaji, ai ka faɗi matsalar da bakinka. Mutum biyu laifi ɗaya, jirgi ɗaya. Ɗaya ya iya rubutu, a sa shi ofis. Ɗaya a tura shi fasa dutse da mari a ƙafa, ya yi gardama a ƙara masa, ya gudu a kamo shi a tura sansanonin horo mai tsanani na tsibirin Norfolk ko Macquarie Harbour. Hukuncin da alƙali ya yanke daban, wanda mutum ya sha daban. A aikinmu wannan shi ne abin da muka fi tsoro, domin daga nan ɗaurarre yake daina ganin laifinsa, sai laifin hukuma. Wani Alexander Maconochie ya riƙe Norfolk daga 1840, ya ce a bar mutum ya tara maki da aikinsa da halinsa ya fanshi kansa. Shekara huɗu aka cire shi, wai ya cika sassauci.

'Yar Agadas:
Tun ɗazu ina karantawa, ba wanda ya tambayi filin wa aka ba su. Alhaji ya ce "ga fili ka noma" kamar ƙasar ba ta da masu ita. Mutane suna zaune a wurin shekaru dubbai kafin jirgin Phillip. A 1789, shekara ɗaya da saukarsu, agana ta share wani babban kaso na mutanen yankin Sidni. A Tasmaniya inda ɗalibi yake, a 1830 gwamna Arthur, wanda aka sa wa Port Arthur sunansa, ya jera mutum fiye da 2,000, sojoji da manoma da fursunoni, su tsefe daji su kora 'yan asalin tsibirin kamar farauta. A Myall Creek a 1838 an kashe aƙalla 'yan asalin ƙasar 28, akasari mata da yara da tsofaffi, kuma yawancin waɗanda suka yi kisan fursunoni ne da tsofaffin fursunoni masu kiwon shanu. An rataye bakwai daga ciki. Ina tausayin wanda aka yi wa bulala, amma bayansa na ciwo bai hana hannunsa ɗaukar takobi a kan wanda ya fi shi rauni ba. In rahama ce, da dukiyar wani aka yi ta.

Ɗalibi a Hobat:
Yaya, wannan ita ce maganar da abokin nawa ya yi shiru da na taɓo ta. Ya ce a zamanin kakanninsa ɓoye asalin fursuna ake yi kamar kuturta, har tsibirin ya canja suna daga Van Diemen's Land zuwa Tasmaniya a 1856, shekara uku bayan an daina kawo su. Yanzu kuma kowa na tona rajista yana neman nasa. Rajistar tana nan, an rubuta tsawon kowa, launin idonsa, tabon jikinsa, zanen da ya yi a hannu, da kowace bulala da ya sha. Su kuwa waɗanda aka tarar a ƙasar ba a yi musu irin wannan rajista ba.

Malamin Tarihi:
Ku tuna kuma kora makami ce da Ingila ta riƙe ko'ina ta je. Indiyawa ta kai su tsibiran Andaman bayan tawayen 1857. Sarkin Asante Prempeh ta kai shi Seychelles. Sarkin Kano Alu ya ƙare rayuwarsa a Lokoja. Ba iri ɗaya ba ne da na Ostireliya, waɗannan sarakuna ne ba a sa su fasa dutse ba, amma tunanin ɗaya ne: a raba mutum da ƙasarsa. Jirgin ƙarshe na fursunoni, Hougoumont, ya sauka Fremantle da ke yammacin Ostireliya a Janairun 1868.

Lauya Mai Koyo:
Baba gandireba, akwai labarin da na ajiye maka. A gidan yarin Norwich wata Susannah Holmes da wani Henry Kable, dukansu an sassauta musu daga rataya, suka haɗu har suka samu ɗa. A 1786 aka zo ɗibar mata don jiragen farko. Wani gandireba mai suna John Simpson ya raka ta Plymouth da jaririn a hannu. Kyaftin ɗin jirgin kurkukun ya ce takardarsa ba ta ambaci jariri ba, ya karɓi uwar ya ƙi ɗan. Simpson ya rungumi jaririn ya hau keken doki har Landan, ya tsaya a gidan minista Lord Sydney sai da ya gan shi. Ya fito da izinin a mayar wa uwa ɗanta, a kuma haɗa da uban. Labarin ya shiga jarida, mutane suka yi karo-karo aka saya musu kaya na kusan fam 20. Da aka isa Sidni ƙunshin ya yi ɓatan dabo a jirgin Alexander. A watan Yulin 1788 su biyun, suna fursunoni, ba wanda ya iya rubuta sunansa, suka kai ƙarar kyaftin ɗin jirgin. A dokar Ingila wanda aka taɓa yanke wa kisa ba shi da bakin kai ƙara. Kotun ta saurare su, ta ce a biya su fam 15. Ita ce shari'ar farar hula ta farko a ƙasar.

Tsohon Gandireba:
Allah Sarki. 'Yata, daga Plymouth zuwa Landan a keken doki da jariri mai shan nono, ba uwa. Ni tunanin da nake yi, da me ya riƙa ba shi a hanya? Kuma ya bar bakin aikinsa ba da izini ba, a wurinmu wannan kaɗai ya isa a kore ka.

Maman Yara:
Ɗalibi, in ka samu sarari ka je Cascades ɗin nan. Ka duba mana ko an rubuta sunayen jariran a wani wuri, ka ɗauko hoto ka turo.

Ɗalibi a Hobat:
In sha Allahu Mama, ranar Asabar bayan azahar. Bas ɗaya ce daga unguwarmu.